"Bindiga ta cije": me ke hana ƙaramar bindiga aiki, kuma wa doka ta yarda ya taɓa ta a Legas?

A majalisun Hausawan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Alaba Rago, in labari ya iso cewa wani ya ɗana bindiga ta ƙi tashi, bayani iri biyu aka fi ji. Wasu su ce wanda aka auna yana da maganin bindiga, shi ya ɗaure mata baki. Wasu su ce bindigar ce dai ta banza. In kuma labarin ya zo ta ɗaya fuskar, wato jami'in tsaro ya harbi mutum a shingen bincike, sai a ji an ce bindiga ce ta tashi da kanta. A duka maganganun ana ɗaukar bindiga tamkar wata halitta mai ra'ayin kanta, ta ga dama ta yi, ta ga dama ta ƙi.

Ruɗanin ya ƙaru da sauye-sauyen da aka samu a ƙa'ida. A 2023 Sufeto Janar na 'yan sanda, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, sannan a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai. Mutane da dama suka ɗauka cewa kafin nan kowa na iya zuwa ya yanki lasisin fistol kamar yadda ake yankar lasisin tuƙi, alhali ba haka dokar take ba tun asali. Tambayoyin biyu, ta inji da ta doka, a haɗe suke, domin wanda ya san dalilin cijewar bindiga zai gane abin da ya sa aka keɓe gyaranta ga wasu mutane ƙalilan.

Wace bindiga ake nufi?

Ƙaramar bindigar hannu galibi iri biyu ce a duniya. Akwai libarba, mai ganga da ke juyawa, wadda kowane harsashi ke zaune a raminsa, galibi biyar ko shida. Akwai kuma fistol mai ɗura wa kanta, wadda harsasanta ke jere cikin wani ɗan gida da ake cusawa ta ƙasan mariƙi. Wannan gidan shi jami'ai ke kira magazin. Kowane jan kunama harsashi ɗaya yake fitarwa, amma bindigar ce da kanta ke zubar da kwanson da aka harba ta ɗauko sabo. Kada a haɗa ta da bindiga mai sarrafa kanta irin AK-47, wadda ke iya ci gaba da aman wuta muddin yatsa na kan kunama.

Tsarin fistol mai ɗura wa kanta ya haura shekara ɗari. Ba'amurke John Browning na cikin waɗanda suka kafa tubalinsa, kuma galibin fistol na yau a kan dabarunsa suke tafiya. Walther PPK ta Jamus ta fito a 1931, Makarov ta Tarayyar Sobiyet a 1951, Glock ta Ostiriya kuma a farkon shekarun 1980. Bindigogin ƙirar gida da 'yan sandan Legas kan baje wa manema labarai in sun kama 'yan fashi ko 'yan ƙungiyar asiri, yawancinsu ba sa cikin wannan aji. Harsashi ɗaya ko biyu suke ci, a buɗe da hannu a sake sawa, don haka matsalarsu daban ce.

Abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido

A saman fistol akwai dogon ƙarfe da ke zarya gaba da baya a kan jikin bindigar. Mu kira shi ƙarfen sama. In an ja kunama, wata siririyar allura ta daki gindin harsashi, albarushi ya kama, kan harsashin ya fice ta bututu. Harsashin milimita 9 na yau da kullum yana fita da gudun da ya kai kimanin mita 350 a daƙiƙa guda. Ƙarfin da ya tura shi gaba, shi ne kuma ke tura ƙarfen sama baya.

A wannan komawa baya ne aikin yake. Wata 'yar ƙugiya da ke gefen ƙarfen sama ta kama bakin gindin kwanso ta jawo shi daga mazauninsa, wato ramin da harsashi ke zama a gindin bututu. Kwanson na tafe sai ya ci karo da wani ɗan tsinin ƙarfe da ke tsaye wuri guda, ya tunkuɗe shi waje ta tagar gefe. Ƙarfen sama ya kai iyaka, sifirin da ya matse ya dawo da shi gaba. Yana dawowa ya shafto harsashin da ke saman magazin, ya haura da shi wani ɗan gangare, ya cusa shi a mazauni, ya rufe. Duk wannan yana ƙarewa kafin mai harbi ya gama jin ƙarar.

Abin lura shi ne babu batir, babu wani inji na daban. Ƙarfin harsashi ɗaya ne ake rabawa tsakanin duk waɗannan ayyuka, kuma kowanne sai ya zo a kan lokacinsa. In ƙarfin ya ragu kaɗan, ko wani abu ya sha shi a hanya, ko ƙarfen sama ya yi sauri fiye da yadda magazin zai iya miƙo harsashi, sai zaren ya tsinke. Abin da ake kira cijewa ke nan.

Ƙanƙantar bindiga na ƙara tsananta lamarin. Ƙarfen saman ƙaramar fistol gajere ne, ba shi da nauyi, tazarar da yake zarya a ciki ma gajeriya ce. Don a cike giɓin nauyin sai a sa masa sifirin mai tauri, shi kuma yana shan wahala fiye da na babbar bindiga, yana saurin saki. A irin su PPK da Makarov ma babu wani makulli da ke riƙe bututu da ƙarfen sama a lokacin harbi, nauyin ƙarfen da taurin sifirin kaɗai ke tare matsin. Babbar fistol tana iya haɗiye ɗan datti ko raunin harsashi ta wuce. Ƙaramar ba ta da wannan rarar.

Cijewa ba iri ɗaya ba ce

Masu koyar da harbi sun raba matsalar gida-gida, kuma rabon na da amfani domin kowace alama tana nuna wurin da za a duba.

Akwai gazawar ɗura, inda sabon harsashi ya kasa shiga mazauni. Wani lokaci ya dunƙura da ka a gindin gangaren, wani lokaci ya ɗaga kai ya tokare sama, wani lokaci kuma ya shiga amma ƙarfen sama ya rage ɗan ƙiris bai rufe ba. Akwai gazawar zaro kwanso, inda ƙugiya ta kuɓuce ta bar shi a mazauni. In haka ta faru, ƙarfen sama na dawowa da sabon harsashi sai ya tarar da mai gida a ɗaki, biyu su cushe a ƙofa ɗaya. Wannan ita ce mafi wuyar warwarewa.

Sai gazawar zubarwa, wadda ta fi kowacce sauƙin ganewa da ido. Kwanson ya fito daga mazauni amma bai samu ficewa ba, ƙarfen sama ya dawo ya datse shi a taga. Za ka gan shi tsaye, bakinsa a buɗe yana kallon sama kamar bututun hayaƙin gidan burodi, gefensa ɗaya a ɗan lotse inda ƙarfe ya cije shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin koyon harbi ya ga wannan a hannun sababbin ɗalibai.

Akwai wasu biyu da ba su shafi ɗura ko zubarwa ba, amma su ne masu kisa. Na farko harsashi mai jinkiri: an ja kunama, an ji ƙas, babu ƙara, sai bayan ɗan lokaci ya tashi. Saboda shi ne ƙa'idar filin harbi ta ce a ci gaba da fuskantar da bakin bindiga ga allon auna na kusan daƙiƙa 30 kafin a buɗe. Na biyu harsashi mai raunin albarushi, wanda ke yin 'yar ƙara marar ƙarfi, kansa ya tafi ya tsaya a tsakiyar bututu. In aka sake harba wani a bayansa, bututun na iya kumbura ko ya tarwatse a hannun mai harbi.

Daga ina matsalar take tasowa?

Abin da mutane suka fi zargi shi ne bindigar kanta, amma masu kula da ma'ajiyar makamai daga magazin suke farawa. A samansa akwai leɓɓa biyu na siririn ƙarfe da ke riƙe harsashin sama a wani kusurwa na musamman. Magazin ya faɗi sau ɗaya a kan siminti da bakinsa, leɓe ɗaya ya buɗe da abin da bai kai kaurin farce ba. Ido ba zai gani ba, harsasai za su shiga lafiya, amma na sama zai riƙa zama a karkace, kuma daga ranar bindigar ta fara tuntuɓe. Haka in sifirin cikinsa ya gaji, ba zai ɗago harsashi da saurin da ake bukata ba, abin da kan bayyana a harsasan ƙarshe. Magazin da bai shige har ya yi ƙas ba shi ma yana sa ƙarfen sama ya wuce ta saman harsashi ya rufe a kan mazauni wayam.

Na biyu harsashi. A nan akwai wani tarko da ya cancanci a tsaya a kansa, domin suna ɗaya ya rufe abubuwa uku. In an ce "milimita tara", ana iya nufin 9x19, wanda Georg Luger ya ƙera a farkon ƙarni na 20 kuma shi ne sojoji da 'yan sandan ƙasashe da yawa ke amfani da shi. Ana iya nufin 9x18 na Makarov. Ana iya nufin 9x17, gajeren da ƙananan fistol da dama ke ci. Lamba ta biyu tsawon kwanso ce, kuma bambancin milimita ɗaya ko biyu ne kacal, wanda in aka zube su a tafin hannu ba kowa zai rarrabe ba. Kan harsashin Makarov ma ya ɗan fi sauran biyun kauri. Ba a musanya su. Wani ba zai bari bindiga ta rufe ba, wani zai shige ya yi sako-sako, ya tashi ko ya ƙi, kwansonsa ya tsage ko ya maƙale. A rundunar da makamanta suka fito daga ƙasashe daban-daban cikin shekaru masu yawa, gane wannan bambanci aikin mai ma'ajiya ne na kullum.

Ko harsashin daidai ne, tsufa da ajiya na cinye shi. Wanda ya daɗe a wuri mai laima, tagullarsa kan yi dushi-dushi, ta fara fitar da kore-kore a gindi. Wanda aka yi ta ɗurawa ana cirewa kowace safiya da yamma a wajen karɓa da miƙa aiki, kansa na iya nutsewa cikin kwanso sannu a hankali, ya gajarce, matsinsa ya ƙaru fiye da ƙima.

Na uku hannun mai harbi, kuma shi ne mutane suka fi ƙin amincewa da shi. Ƙarfen sama na bukatar jikin bindiga ya tsaya cak don ya samu abin da zai yi zarya a kansa. In wuyan hannu ya yi laushi, bindigar gaba ɗaya ke tafiya baya tare, ƙarfin ya salwanta a hannu, ƙarfen sama ya kasa kai iyaka. Sakamakon shi ne kwanson nan mai tsayuwa a taga. A ƙaramar bindiga mai gajeren mariƙi, wadda ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, abin ya fi yawa. Mai babban hannu kuma babban yatsansa kan goga jikin ƙarfen sama ya rage masa gudu. Shi ya sa bindiga ɗaya za ta cije a hannun kurtu, malaminsa ya karɓa ya juye magazin guda ba tare da tangarɗa ba.

Na huɗu datti da tsatsa, kuma a nan Legas na da nata kason. Gari ne na bakin teku, iskarsa ɗauke da gishiri, laimarsa kan haura kashi 80 cikin ɗari a yawancin watanni. Jami'in da ya wuni a tsaye a rana a Apapa ko Oshodi, bindigarsa na kube a ƙugu tana shan zufa, gishiri kan gishiri. Da damina ruwa ya jiƙa kuben, fata ko yadin ya riƙe danshin har washegari. Tsatsa ba ta bukatar ta yi yawa: ɗan kaushi a bangon mazauni ya isa ya riƙe kwanso har ƙugiya ta kuɓuce. Da hunturu kuma, ƙurar da ke sauka a Disamba da Janairu ta haɗu da mai ta zama kamar ƙullu. Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ya saba da ƙura a matsayin abokiyar gabar ƙarfe, a Legas sai ya tarar da abokan gaba biyu.

Sai a ƙarshe ake zuwa ga sassan bindigar: ƙugiyar da bakinta ya gutsure ko datti ya taru a ƙarƙashinta, tsinin tunkuɗa da ya lanƙwashe, sifirin da ya saki. Waɗannan na faruwa, sai dai ba su kai na sama yawa ba.

Yadda mai ma'ajiya ke bin sawu

Hanyar ƙwararru ba ta da wani sirri, haƙuri ne da tsari. Kafin komai a cire magazin, a buɗe ƙarfen sama, a duba mazauni da ido a tabbatar babu komai. Daga nan a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda: wani magazin da aka san lafiyarsa, in matsalar ta tafi an gano mai laifi. In ba ta tafi ba a sauya harsashi, sannan a ba wani gwani ya harba, sannan a wanke a shafa mai. Wanda ya sauya duka huɗun a tashi ɗaya, ko bindigar ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba. Saboda haka ne ake rubuta lamba a gindin kowane magazin, domin in ɗaya ne ke yawan kawo cikas a gane shi a fitar da shi daga aiki.

Kwanson da aka harba ma shaida ne. Wurin da yake faɗawa, lotsewar bakinsa, zanen da ke jikinsa, duk suna ba da labarin abin da ya faru a ciki. Abin da ƙwararru ke gargaɗi a kai shi ne ɗaukar zarto ko takardar goge ƙarfe a ce za a gyara gangare ko leɓɓan magazin. Ƙarfen da aka cire ba ya komawa.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Kan batun mai, akwai masu cewa a wuri mai ƙura a bar bindiga kusan a bushe, domin mai ne ke kiran datti. Akwai masu cewa busasshen ƙarfe ya fi saurin cijewa fiye da mai datti amma da maiƙo, kuma a gari irin Legas rashin mai gayyatar tsatsa ne. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne ramin allura da cikin magazin ba wurin zuba mai ba ne, kuma man da ya taɓa gindin harsashi na iya kashe shi.

Kan zaɓi tsakanin libarba da fistol, masu goyon bayan libarba na cewa ba ruwanta da laushin hannu ko raunin albarushi, in harsashi ya ƙi tashi a sake jan kunama ganga ta kawo na gaba. Masu goyon bayan fistol na amsawa da cewa tana ɗaukar harsasai da yawa, tana saurin sake ɗuri, kuma yawancin cijewarta ana warware ta nan take, alhali in libarba ta sarƙe sai an kai ta teburin gyara. Rundunonin duniya sun karkata ga fistol, amma da sharaɗin horo da kulawar da take nema.

Akwai kuma saɓani kan sabuwar bindiga. Wasu kamfanoni na ba da shawarar a harba wasu ɗaruruwan harsasai kafin sassanta su zauna da juna. Wasu masana na ganin makamin da za a dogara da shi ya kamata ya yi aiki tun daga kwalinsa.

Batun maganin bindiga kuwa tsohon imani ne a ƙasar Hausa, da layu da guraye da 'yan tauri, kuma Yarbawan da ake zaune da su suna da irin nasu. Masu wannan imani na kafa hujja da lokutan da aka ga bindiga ta ƙi tashi a gaban wani. Abin da ilimin injin ke cewa shi ne bindigar da ke hannun ɓarawo galibi tsohuwa ce, ba ta ganin mai, harsasanta tsintuwa ne daga nan da can, mai riƙe da ita kuma a firgice yake. Duk sharuɗan cijewa sun cika tun kafin a zo ga laya. Kuma bindigar da ta cije a jan farko tana iya tashi a na biyu.

Alaƙar cijewa da "harbin kuskure"

Nan ne batun ya fi shafar wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Bindigar da ta cije ɗurarriya ce. Lokacin da mai ita ke kokawa da ƙarfen sama, hankalinsa na kan abin da ya maƙale, bakin bindigar na yawo, yatsa kuma kan koma kan kunama ba da saninsa ba. Da zarar abin ya saki, ƙarfen ya rufe a kan harsashi mai rai. Wani kuskuren da ya yi ta cin rayuka a duniya shi ne zaton cewa cire magazin ya wofintar da bindiga, alhali akwai guda ɗaya zaune a mazauni.

Shin bindiga na iya tashi ba a taɓa kunama ba? Tana iyawa, amma da wuya. Yawancin fistol na zamani suna da wani ɗan tubali da ke tare allura har sai an ja kunama, don ko ta faɗi ƙasa ba za ta tashi ba. Wasu tsofaffin ƙira ba su da shi. Allurar Makarov, alal misali, sake take a raminta ba sifirin da ke mayar da ita, don haka in busasshen maiƙo ya daskarar da ita a gaba tana iya dukan harsashi yayin rufewa. Wannan na nufin iƙirarin "ta tashi da kanta" abu ne da ake iya gwadawa: mai binciken makamai zai iya duba bindigar ya ce ko tana da irin wannan lahani. In ba ta da shi, saura yatsa. In tana da shi, tambaya ta koma kan wanda ya ba da ita a fita da ita aiki. Umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, shi ne ke tsara lokacin da jami'i zai iya amfani da bindiga, kuma Jihar Legas na da dokar binciken musabbabin mutuwa ta 2007 da ke ba da damar a bi diddigin irin wannan kisa.

Me doka ta ce?

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi uku. Kashin farko haramtattu ne, kuma a cikinsu fistol da libarba suke, tare da bindigogin yaƙi. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Kashi na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar. Na uku bindigar gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin adaka ta maharba, wadda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Ke nan tun kafin sanarwar 2023, fistol ba abin da ɗan kasuwa zai je ofishin 'yan sanda ya nema ba ce. Hukuncin mallakarta ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba, kuma harsashi ma sai da izini.

Gyara ma dokar ba ta bar shi a sake ba. Ta hana ƙerawa, haɗawa ko gyara bindiga sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta sojoji, in ban da izini na musamman da ake iya bayarwa kan bindigogin farauta da na gargajiya. Saɓa wannan na cikin laifuffukan da ke ɗauke da shekara 10. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 kuma ta hana masu gadi masu zaman kansu ɗaukar bindiga, hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu.

Muhawara kan sassauta wannan tsari ba ta mutu ba. A 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai daga 'yan bindiga, shugabannin tsaro na tarayya suka nuna rashin amincewa. Masu goyon baya na cewa miyagu sun riga sun mallaki makamai, mai bin doka ne kaɗai aka bari hannu rabbana. Masu adawa na nuni da yawan makaman da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya, kamar bindigogi 661 da jami'an kwastam suka kama a Legas a Janairun 2017, da wasu 1,100 a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Satumban shekarar, suna cewa ƙari a kan wannan zai mai da kowace rigimar kasuwa ta zama ta jini. Batun injin da aka yi bayani a sama na ƙara wata tambaya ga ɓangarorin biyu: fistol na bukatar harsashi mai kyau, filin gwaji, kayan gyara da horo a kai a kai, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke samuwa ga farar hula cikin sauƙi a ƙasar nan.

Abin da ya shafi mai neman abincinsa

Hausawa da yawa a Legas aikin gadi suke yi a Ikoyi, Lekki da Ikeja. Maigadin da maigidansa ya miƙa wa ƙaramar bindiga ya ce ya ajiye a ɗakin ƙofa, shi za a samu da ita a hannu, kuma ko maigidan na da takarda, ba ta rufe wanda ba sunansa ne a jiki ba. Haka mai walda ko maƙeri ko mai gyaran babur da aka kawo wa wani ɗan sifirin ko lanƙwasasshen ƙarfe aka ce ya daidaita: in ya gane na bindiga ne ya karɓa, ya shiga sashen gyara ba izini. Mai kai saƙo a babur ko direban motar kaya daga Mile 12 da ya karɓi ƙunshi bai san cikinsa ba, zai sha wahalar bayani a caji ofis kafin a saurare shi.

Masu sana'ar gwangwan da bola jari su ne suka fi kowa yiwuwar cin karo da yasasshiyar bindiga a kwata ko juji. Tsatsar da ta rufe ta ba shaida ba ce cewa ta mutu, tana iya kasancewa an yar da ita ne da harsashi a mazauni. Ba a ɗauka, ba a ja komai a jikinta, ba a jefa ta cikin buhun ƙarafa. A bar ta inda take, a hana yara matsowa, a kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Jihar Legas. Wanda ke tsoron zuwa shi kaɗai kada a juya maganar a kansa, ya bi ta hannun Sarkin Hausawan unguwarsu ko shugaban ƙungiyar sana'arsu, a je tare da shaidu.

Wanda kuma ya ga jami'i a bakin titi yana fama da bindigarsa, yana jan ƙarfen sama yana bubbugawa, wannan ba lokacin tsayawa kallo ba ne ko ɗaukar bidiyo daga kusa. A kauce daga inda bakinta ke fuskanta, a sa gini tsakani in da hali, domin ƙofar mota da katakon shago ba sa tare harsashin milimita 9.